Tulun Mushe Shu'aibu

Shekara talatin da biyu Mushe Shu'aibu (Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a nan) ya yi yana koyar da tarihi, daga Tasawa zuwa Dakwaro, daga can zuwa Gidan Rumji, kafin a maido shi gida Madarumfa inda ya ajiye alli. Duk lakkwal ɗin da ya zauna, wato makarantar boko, abu guda yara suke tunawa da shi: in aka zo darasin Girkawan dā, ba ya iya zama. Sai ya ture kujera gefe, ya tsaya gaban allo yana ba da labarin birnin Atina kamar jiya ya baro shi. Yakan faɗi yadda Ferikiles ya yi shekara da shekaru yana jan ragamar birnin da bakinsa kawai, ba da bulala ba. Yakan faɗi yadda Demostan, wanda aka haifa da i'ina, ya riƙa cika bakinsa da tsakuwa yana gwada magana har harshensa ya miƙe, ya zama wanda in ya tashi a taro kowa sai ya yi tsit. Sau da yawa ana buga ƙararrawar tashi bai ji ba.

Da ya bar aiki sai ya karɓi garkar mahaifinsa da ke bakin tafki, ya shuka tumatir da albasa da ɗan zogala, ya shiga ƙungiyar masu garka. Su arba'in da shida ne, maza da mata, kuma suna taro ranar Laraba bayan la'asar ƙarƙashin wani babban gawo. Shugabansu Alhaji Inusa ne, mutum mai faɗin ƙirji da babbar murya, wanda ya daɗe yana kai albasa Jibiya da Katsina, kuma garkarsa ta fi ta kowa girma. Shi da Mushe Shu'aibu ba su ƙi juna ba. Abin dai shi ne kowannensu in ya kama magana ba ya sakinta.

A ranin bana ruwan tafki ya ja da wuri. Masu garka suka bi shi, kowa yana ƙara taku ɗaya biyu wajen danshi, har burtalin da shanu ke bi su gangara mashaya ya matse, ya koma kamar hanyar ƙafa. Shanu kuwa ba su san iyaka ba. In garke ya taho da ƙishirwa, na gefe sai su faɗa cikin shuka. An yi cacar baki da makiyaya har sau uku, rannan saura kaɗan a ɗaga sanda. Wadda ta fi kowa asara ita ce Ɗelu, wata mata mai kimanin shekara hamsin da mijinta ya rasu ya bar mata garka daf da burtalin. Sau biyu shanu suna tattake mata fangalin albasa, kuma ba wanda ya ji ta ɗaga murya. Ta dai gyara abin da zai gyaru, ta ci gaba da ban ruwa.

Laraba uku a jere ƙungiya tana zama kan maganar, ba a tsai da komai ba. Alhaji Inusa yana so a toshe burtalin da waya, makiyaya su nemi wata hanya. Mushe Shu'aibu yana so a rubuta takarda zuwa meri, ofishin magajin gari, a roƙi hukuma ta mai da mashayar can yamma da tafki. Alhaji ya yi magana, Mushe ya amsa, Alhaji ya sake amsawa, wasu dattawa biyu su sa baki, sai a ji kiran magariba. Matan da ke zaune a baya bisa tabarmi tun kafin nan sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya sun tafi ɗora tukunya.

Bayan zama na uku Mushe Shu'aibu ya koma gida yana ƙorafi, yana cewa mutanen nan ba su san darajar shawara ba. Matarsa Zuwaira tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta tambaye shi mutum nawa suka yi magana. Ya ƙirga ya ce huɗu. Ta tambaye shi na makon jiya fa, ya ce su ne dai. Sai ta ce to ai ba mutane ne ba su san shawara ba, ba a dai tambaye su ba ne. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Maganar ta tsaya masa a rai kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi yana ban ruwa, yana kallon yadda ruwa ke tsiyaya daga wani tsohon bokiti mai huda, sai ya tuna wani abu da ya sha koya wa yara. A kotunan Atina ba a barin mutum ya yi ta zuba yadda ya ga dama. Akwai tukunya mai ɗan rami a gindi, a cika ta da ruwa, mai magana ya fara a buɗe ramin, ruwa ya ƙare ya zauna, ko wane ne shi. Ya ajiye bokitin ya nufi gida. A bayan madafa ya sami wani tulu da bakinsa ya ɓantare, ya samo ƙusa ya yi ta murzawa a hankali kusa da gindin har ta ɓulla, ya toshe ramin da toton dawa. Ya cika tulun, ya cire toton, ya zuba wa agogonsa ido. Minti biyar da 'yan daƙiƙu. Ya sake gwadawa sau biyu, haka ya samu. Zuwaira ta leƙo ta ga tulunta yana zuba a tsakar gida da mijinta tsugune a gabansa, ta ce Allah ya kyauta, ta koma ciki.

Ranar Laraba ya iso gindin gawo rungume da tulun. Kafin a buɗe taro ya nemi izini, ya bayyana abin da yake nufi: kowa tulu ɗaya, ba ƙari, kuma ba mai yin magana sau biyu sai kowa mai so ya yi. Ya ce mutanen da suka ƙirƙiro wannan dabara sun yi shekara fiye da dubu biyu da shuɗewa, kuma a cikinsu aka sami masu iya magana da har yau ake karanta labarinsu a makarantun duniya. Aka yi dariya, wani ya ce ashe Girkawan ma sun sha fama da irin su Mushe. Alhaji Inusa ya fi kowa dariya, kuma shi ya fara yarda, don a ganinsa tulun nan maganin Mushe ne.

Wani daga cikin dattawan ya tambaya ko har mata za a cika wa tulun. Mushe Shu'aibu ya san amsar da tarihi ya bayar, kuma bai saba yi wa tarihi ƙarya ba. Ya ce gaskiya a Atina mata ba su da bakin magana a taron gari, haka bayi, haka baƙi. Amma ya ce nan ba Atina ba ce, kuma duk wadda ke da garka a bakin tafkin nan ruwanta daidai yake da na kowa. Alhaji ya ɗaga kafaɗa ya ce ba laifi, ai dama ba wanda ya hana su.

Aka ɗora tulun bisa wani kututture, aka sa ƙwarya a ƙasa tana tarar ruwan. Rabi'u, sakataren ƙungiya, shi aka ba aikin cikawa da cire toto. Mushe ya kuma roƙe shi, kafin kowane tulu, ya ɗaga murya ya tambayi jama'a wa ke son magana, don haka mai shela yake yi a taron Atina.

Alhaji Inusa ne ya fara. Gaisuwa da godiya suka cinye masa kusan sulusin ruwan, sai ya waiga ya ga yadda tsiyayar ke raguwa. Ɗan kasuwa ne, ya san ciniki in rana ta yi. Nan take ya tattara zancensa: a sa waya, a toshe hanya, kowa ya huta. Yana rufe baki ruwan yana ɗigon ƙarshe. Ya zauna yana murmushi, yana duban Mushe.

Daga nan abin ya ba kowa mamaki. Da Rabi'u ya sake tambaya, wani mutum mai suna Sa'idu ya miƙe, wanda shekara bakwai yana ƙungiyar ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Ya ce in aka toshe burtali shanu ba za su fasa shan ruwa ba, ta garkarsa za su ɓullo, don ita ce ta gaba. Wani ya ce waya ba ta kwana biyu a bakin tafki ba a yanke ta ba. Wani ya goyi bayan Alhaji, ya ce haƙuri ya ƙare. Mutum tara suka yi magana, wasu ko rabin tulu ba su ci ba.

Sannan Mushe Shu'aibu ya tashi. Kwana uku ya yi yana shirya jawabinsa, ya rubuta shi a takarda, ya tsara shi yadda masana suka ce a tsara: shimfiɗa, sannan bayanin abin da ya faru, sannan hujja, sannan rufewa. Rabi'u ya cire toto. Mushe ya fara da cewa gari ba ganuwa ba ne, mutane ne. Ya kawo Ferikiles, yadda aka ce kafin ya hau wurin magana yakan roƙi kada wata kalma da ba ta dace ba ta kuɓuce masa. Ya kawo Demostan, yadda ya yi shekaru yana gargaɗin mutanensa kan haɗarin da ke tafe suna jan ƙafa. Muryarsa ta buɗe kamar yana gaban allo, jama'a suka yi shiru suna sauraro, don gaskiya ya iya. Ya juya takarda, ya ce, to yanzu ga abin da nake gani ya kamata mu yi game da burtali.

Rabi'u ya yi gyaran murya. Mushe ya waiga. Tulun ya daina zuba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya tsaya da takarda a hannu, shafi biyu cur bai taɓa ba, duk hujjojinsa suna ciki. Alhaji Inusa ya ce a ƙara masa tulu ɗaya, ai malami ne, kuma shi ya kawo abin, ba wanda zai ce a'a. Wasu suka ce haka ne. Rabi'u har ya ɗauki ƙwarya zai mai da ruwan.

Ran Mushe ya so. Ya dubi shafukan nan biyu, ya san in ya karanta su zai iya jan rabin taron. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Alhaji, na gode," ya ce. "Amma in aka ƙara mini yau, gobe sai a ƙara maka, jibi kuma mun koma inda muka fito. Ruwana ya ƙare."

Ya koma ya zauna a kan bencinsa.

Rabi'u ya cika tulun ya sake tambaya wa ke son magana. Shiru. Ya maimaita, wannan karon yana duban tabarmin mata, waɗanda yau ba ko ɗaya da ta tashi. Can sai Ɗelu ta gyara lulluɓinta ta miƙe. Ba ta fito gaba ba, daga inda take ta yi sallama, ta jira aka cire toto.

"Ni ce a bakin burtali," ta ce, "kuma ni shanu suka fi yi wa ɓarna, don haka ba wanda zai ce ina kare su ne. Hanyar nan tun ina amarya na same ta, amalanke biyu suna wucewa a jere. Shanu ba su ƙara faɗi ba, mu muka ci hanya. Ni na ci taku huɗu, na sani, don ni na dasa albasa a wurin. Gobe zan cire ta. Duk wanda ke bakin hanya ya mai da abin da ya ci, mu yi shinge da ƙaya hagu da dama, mu kira masu shanun su kama mana, tunda su ma ba sa son faɗan. Takin da suke zubarwa a hanyar kuma, da shi nake noma, ban san ku ba."

Ta zauna. Ruwa bai kai rabi ba. Rabi'u ya tambaye ta ko tana da ƙari, ta ce a'a. Ya tsaya yana kallon tulun yana ta zuba, bai san ko ya toshe ba.

Mutum bakwai ne ke da garka a bakin burtalin, kuma kowa a wurin ya san su, ya kuma san taku nawa kowannensu ya ci. Alhaji Inusa yana cikinsu. Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa, sannan ya ce a ɗaga hannu a gani. Rabi'u ya ƙirga masu son waya, aka sami tara. Ya ƙirga masu bin maganar Ɗelu. Mushe Shu'aibu ya ji hannunsa ya tashi tun kafin ya gama tunani. Takardar da ke aljihunsa tana neman a kai kuka meri a jira wata da watanni, ita kuwa matar nan ta faɗi abin da za a fara gobe da safe. Hannu talatin da ɗaya. Alhaji bai ɗaga a ko ɗaya ba, amma da aka gama ya ce shi nasa taku shida ne, zai sa a cire tumatirin. Aka yi addu'a aka tashi, rana ba ta ko faɗi ba.

Labari ya riga Mushe Shu'aibu isa gida. Zuwaira ta shirya tarbar mutum mai fushi, ta ajiye masa ruwan alwala. Sai ta ga ya shigo yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir. Bayan ya dawo daga masallaci ya zauna bakin tabarma ya ce mata yau ya ga abin da ya shekara talatin yana ba yara labari bai taɓa gani da idonsa ba. Ta ce ita abin da ta ji shi ne tulu ya kayar da mai shi. Ya yi dariya ya ce haka ne, kuma ya kayar da shi da kyau.

Ya ba ta labarin wani mutumin Atina da bai cika kawo shi a aji ba, Fosiyon, wanda aka zaɓa shugaban yaƙi sau arba'in da biyar. An ce wata rana an gan shi yana kai da kawo shi kaɗai kafin taro, aka tambaye shi tunanin me yake, ya ce yana neman abin da zai rage ne daga maganarsa. Demostan da kansa, in ya ga mutumin nan ya miƙe, yakan ce ga gatarin da ke sare masa zance ya taso. Mushe ya ce shi duk rayuwarsa Demostan yake so ya zama, bai taɓa tsammanin gatarin yana nan garka ta huɗu daga tasa ba, yana ban ruwan albasa. Zuwaira ta ce ita dai ta san Ɗelu tun suna 'yan mata, kuma ko a lokacin ba ta faɗin magana biyu inda ɗaya za ta isa.

Aikin shinge ya ci kwana tara. Makiyaya suka zo da gatura da igiya, suka sari ƙaya suka jawo, masu garka suka kafa. Ba a rasa gardama ba, musamman wajen auna faɗin hanyar, inda Alhaji da Mushe suka kusan komawa halinsu har Sa'idu ya yi barazanar ɗauko tulu. Mushe, wanda hannunsa ya saba da alli, ƙaya ta yi masa zane har gwiwar hannu, yana nuna wa duk wanda ya tsaya gaishe shi.

Da aka gama, aka ga ya kamata a je meri a shaida wa hukuma sabuwar iyakar, a rubuta ta, don kada baɗi wani ya ce bai sani ba. Kowa ya ɗauka Mushe ne zai yi bayani, shi da ke jin Faransanci kamar ruwa. Suka tafi su huɗu da hantsi, shi da Alhaji da Rabi'u da Ɗelu. Jami'in da ya karɓe su ya ba su kujeru, ya buɗe littafinsa, ya dubi Mushe, wanda ya taɓa koyar da shi a aji, ya tambaya cikin ladabi wane ne mai magana da yawun ƙungiya.

"Ga ta nan," in ji Mushe Shu'aibu, ya ja kujerarsa baya kaɗan.

Ɗelu ta yi bayani da Hausa, daga inda burtali ya taso zuwa inda ya faɗa ruwa, da sunan kowane mai garka a hagu da dama, da sunan ardon da ya tsaya wa makiyaya. Jami'in yana rubutu bai tsai da ita ko sau ɗaya ba. Da ta gama ya karanta mata abin da ya rubuta, ta gyara masa suna guda, aka sa hannu. Mushe yana zaune a baya, hannuwansa bisa gwiwa, fuskarsa kuwa kamar ta uban da ɗiyarsa ta ci jarrabawa.

A hanyar komawa Alhaji da Rabi'u suka ratse kasuwa, ya rage shi da Ɗelu suna gangarawa wajen tafki, tana gaba kaɗan yana biye. Sun yi nisa sai ta tambaye shi, ba tare da ta waigo ba, ko mutanen nan nasa na Girka suna noman albasa. Ya ce ƙwarai, albasa da tafarnuwa suna cikin abincin talakansu, har sojojinsu da ita suke guzuri. Ta tambaya to me suke yi wa ƙwarin nan da ke sa ganyen ya yi fari ya kanannaɗe in zafi ya taso. Ya yi tunani har suka wuce garka biyu, sannan ya ce gaskiya littattafan da ya karanta ba su faɗa ba.

Ɗelu ta ce ai da sun rubuta. Ta buɗe ƙyauren garkarta ta shiga, shi kuma ya wuce tasa, don tumatirinsa bai sha ruwa ba tun jiya.